Rigar Sanyin Uwar Badru

Duk ɗan Najeriyar da ya zauna a unguwar Jaradiya a shekarun nan ya san ɗakin Baba Maikuɗi, ko don tiren Juma'a. Tela ne mutumin Haɗeja, ya haura shekara ashirin a Riyad, kuma shi kaɗai ne a layin yake da bidiyo da talabijin mai kala. Da an sauko daga masallaci sai ka ga direbobi da magina suna shigowa ɗaya bayan ɗaya. A shimfiɗa leda a ƙasa, a girke ƙaton tire na tuwon shinkafa da miyar kuka, kowa ya wanke hannu ya zura. Ba a tambayar mutum ɗan gidan wa ne. In dai ka yi sallama, to, matso.

Basiru ne ya fara kawo Badru ɗakin nan.

Shi Basiru direba ne, ɗan Malumfashi, dogo, ga surutu, ga wata dariya tasa da ake ji tun daga bakin titi. Kafil ɗinsa, wato mutumin da takardar izinin zamansa take hannunsa, wani ɗan kasuwa ne mai shigo da ganyen shayi, ana ce masa Abu Rayyan. Aikin karɓo biza yana yawan kai Basiru Unguwar Ofisoshin Jakadanci, ya ajiye mota a rana ya yi ta jira. A nan ya haɗu da Badru, mai ban ruwan furanni a gidan wani ma'aikacin jakadanci ɗan Yuganda. Ɗan ƙaramin mutum ne, kansa da ƙyar yake kai ƙirjin Basiru. Ranar farko ya hango Basiru yana tsiyayar gumi, sai ya miƙo masa ruwan sanyi ta tsakanin ƙarafan ƙofa. Basiru ya sha rabi, ya mayar masa da kofin.

"Sha mana," ya ce da Larabcinsu na titi. "Kai ma ai a ranar kake."

Mutumin ya tsaya yana kallon kofin nan kamar an ba shi abin da zai fashe. Can ya kai baki ya shanye. Basiru bai kawo komai a ransa ba, ya ɗauka kunya ce irin ta baƙo.

Da ya kai shi ɗakin Baba Maikuɗi, nan take aka raɗa masa suna Dogo, ka san halin mutanenmu. Bai ji haushi ba. Juma'ar farko sai da Baba Maikuɗi ya kama hannunsa ya tsoma a tiren, don ya rakuɓe a gefe yana jiran a zuba masa nasa daban. Daga ranar kuwa ko sau ɗaya bai yi fashi ba. Ya koyi Hausa ta cin tuwo da ta tsokana. In aka tambaye shi garinsu sai ya ce Kisoro, wajen duwatsu, ya sauya magana.

Shekarar da shawara ta kwantar da Basiru, idonsa ya koma ruwan ɗorawa, Badru ne ya yi jinyarsa. Kullum in ya tashi aiki sai ya hau bas ya zo da wasu ganyaye a leda, ya dafa, ya tallafi kan Basiru ya ɗura masa. Shi ne wankin kayan da ya ɓata, shi ne kai shi banɗaki. Kwana goma sha ɗaya ana haka. Ranar da Basiru ya iya miƙewa da ƙafarsa, ya riƙe hannun Badru a gaban kowa, har da hawayensa.

"Dogo, daga yau kai ɗan'uwana ne. Uwarka uwata ce. Wallahi ko a ina na gan ta sai na cire takalmi na durƙusa."

Kowa ya ji wannan rantsuwa. Ba wanda ya sa shi.

A shekarar casa'in da biyar Abu Rayyan ya shirya tafiya Yuganda don ganin gonakin shayi. Wani abokinsa ya ba shi labarin goggon biri da ake zuwa kallo a duwatsun Kisoro, sai ya ce shi ma sai ya gani da idonsa. Ya ce Basiru ya shirya, don yana jin Turanci, kuma a cewarsa ai duk Afirka ɗaya ce.

Da Basiru ya kawo labarin wurin tire, kowa ya yi ta murna ban da Badru. Shi lomar da ya ɗauko ce ta tsaya masa a hannu. Sai bayan kwana uku ya tari Basiru a bakin ƙofar gidan aikinsa da ƙunshi a hannu: rigar sanyi koriya sabuwa fil daga kasuwar Bataha, da kaset da ya ɗauki muryarsa a ciki, tun da tsohuwar ba ta karatu. Ya haɗa da ƙaramar kyamarar Baba Maikuɗi da ya aro.

"Sunanta Nyiramana," ya ce, yana kallon ƙasa. "A bayan gari take. Shekara shida ban gan ta ba, Basiru, kuma ko hoto ɗaya nata ba ni da shi. Ka ɗauko mini fuskarta. Ita kaɗai nake so."

"Don wannan kake wani sunkuyar da kai? Hoto goma zan yi mata. Ni da ita ma sai mun ɗauka."

Badru ya buɗe baki kamar zai ƙara wata magana, ya fasa. Basiru kuwa a ransa ya riga ya gina mata gida mai rufin kwano, da kujeru a falo, da kaji a tsakar gida.

Kisoro gari ne mai sanyin tsiya. Ruwa ba ya ɗaukewa, hazo yana sauka har kan rufin ɗakuna. Suka hau dutse tun da safe da ɗan jagoransu, suka ga birin da suka zo gani, Abu Rayyan yana ta salati yana haki. Babbar kyamarar bidiyo kuwa a kafaɗar Basiru take. A hanyar dawowa ɗan jagoran ya ce akwai sauran abin kallo, in suna so. Akwai wasu gajerun mutane da ake kira Batwa. A dajin nan kakanninsu suka rayu, farauta da ɗebo zuma, har shekara huɗu da suka wuce aka mayar da dajin gandun birai aka fitar da su. Ba gona, ba fili. Yanzu suna raɓe a gefen gonar wani, in baƙi sun zo su yi musu rawa. Ya ƙara da cewa kada su karɓi komai daga hannunsu su ci, don a nan ba mai haɗa kwano da su.

"Yalla, mu je," in ji Abu Rayyan.

Bukkoki ne guda bakwai ko takwas na ganyen ayaba da tsummokaran leda. Ɗan jagoran ya sauke wani buhu daga mota, ya zazzage fatun dabbobi, ya daka tsawa. Mutanen suka fito ba mai ko murmushi, suka tuɓe tsummansu suka ɗaura fatun, suka jeru a cikin yayyafi. Da gani ka san sun saba.

To, a nan ne shaiɗan ya hau kan Basiru, in ma shaiɗan ɗin ne. Mutumin da yaran Riyad suke bi da ihun takruni, wato baƙar fata ɗan Afirka, mutumin da ake tura shi layi daban a filin jirgi, yau ga shi da kyamara a kafaɗa, manyan mutane suna ɗaga kai suna kallonsa, suna jiran ya ce a fara. A faɗi gaskiya, daɗi ya ji. Ya shiga ba da oda, ku matso nan, kai koma baya, ke ɗaga hannu.

Akwai wata tsohuwa a tsakiyar layin, ita ce mai ba da waƙa. Ita kaɗai ta ƙi ɗaura fata. Tana sanye da wata yagaggiyar rigar sanyi ja mai rubutun Turanci a gaba, ta rungume ƙirjinta. Basiru ya leƙa ta gilashin kyamara ya ga jar rigar nan ta ɓata masa hoto.

"Ka ce ta cire," ya ce wa ɗan jagoran.

Aka faɗa mata. Ta girgiza kai, ta nuna sama, ta nuna ƙirjinta, wato sanyi take ji. Ka san abin da ɗan Malumfashin nan ya yi? Takawa ya yi da kyamarar tana ɗauka, ya kama hannun rigar ya ja. Tsohuwar ta dube shi ido cikin ido, sannan ta tuɓe da kanta, ta ninke rigar ta ajiye a kan dutse. Ba komai a ƙarƙashi sai wani ɗan ƙyalle da bai rufe rabin jikinta ba. Ta ɗaga murya ta fara waƙa, haƙoranta suna haɗuwa.

Abu Rayyan ya ce wani abu, Basiru ya ba shi amsa, suka tuntsire da dariya. Da aka gama rawa, Basiru ya tuna da wani katan na dabino da ke mota. Maimakon ya miƙa wa babba a cikinsu ya raba, sai ya ce bari a yi wawaso irin na gidan biki, zai yi kyau a bidiyo. Ya dinga damƙa yana watsawa a cikin taɓo, manya da yara suna rububi. Tsohuwar ba ta sunkuya ba. Rigarta ta ɗauka ta shige bukka.

Washegari Abu Rayyan yana hutawa a masauki, Basiru ya yi wanka, ya sa farar shaddarsa da hula, ya ɗauki ƙunshin Badru. Ya ce wa ɗan jagoran ya taimaka ya nemo masa wata dattijuwa mai suna Nyiramana, uwar abokinsa ce.

Mutumin ya dube shi, ya ƙyalƙyale da dariya har da dukan cinya.

"Nyiramana? Wadda ɗanta ya bi wani mai kanti ya musulunta, aka tafi da shi ƙasar Larabawa? Ai jiya ka gan ta. Ita ce ka cire wa riga."

Basiru ya dafa mota. Ya yi tunanin ya ba ɗan jagoran saƙon ya kai, ya yi tunanin ya jefa shi a rafi ya ce ya ɓata. Amma amana ce, kuma ko ba komai uwarsa Inna Hansai ba ta haifi mai cin saƙo ba. Ya shiga mota.

A bakin bukkar ya cire takalmi a cikin taɓo ya durƙusa, kamar yadda ya rantse. Rantsuwar banza ke nan, bayan ta riga ta ga ko shi wane ne. Ta fito ta gane shi nan take, ya gani a idonta. Da ɗan jagoran ya yi mata bayani, sai ta dafe baki, ta zauna daɓas a ƙasa. Ta rungume kaset ɗin, ko da yake ba ta da abin saka shi. Ta warware koriyar rigar, ta shinshina ta, ta zura a kan jar. Ta yi ta jero tambayoyi: yana cin abinci? Ya yi ƙiba? Mutanen can suna barinsa ya zauna kusa da su? Basiru yana amsawa kansa a ƙasa.

Sannan ya tuna da hoton. Ya zaro ƙaramar kyamarar daga aljihu. Tsohuwar ta dubi kyamarar, ta dubi rigar da ɗanta ya aiko mata, ta kama gefenta da hannu biyu, ta ce wani abu a hankali.

"Me ta ce?"

"Cewa ta yi, wannan ma ta cire?"

Ba gatse ta yi ba. Da gatse ne da sauƙi. Tambaya ta yi tsakaninta da Allah, don abin da ta sani game da shi ke nan. Basiru ya mayar da kyamarar aljihu. Bai iya ɗaga ta ba. Da zai tafi ta shiga bukka ta fito da 'yan kwalabe biyu na zuma, wadda Allah kaɗai ya san yadda aka shiga dajin da aka hana su aka ɗebo ta. Ta ce ɗaya ta ɗanta, ɗaya ta abokin ɗanta.

Ranar da suka sauka a Filin Jirgin Sarki Khalid, Basiru ya riga ya shirya ƙaryarsa tsaf. Juma'a na zuwa ya miƙa wa Badru kwalabe biyun duka, ya ce tsohuwa lafiyarta ƙalau, ta sa riga ta yi mata kyau, tana gaishe shi.

"Hoton fa?"

"Fim ɗin ne ya ƙone, Dogo. Ruwan garinku ya shiga kyamarar."

Baba Maikuɗi ya yi ta mitar kyamararsa. Badru dai ya tsura wa Basiru ido, yana jiran wata maganar. Yana jira ya ji ko za a ce, ashe kai daga cikin mutanen nan kake. Basiru bai ce ba. Da Badru ya ga haka sai ya saki ajiyar zuciya, ya matso tire, ya ɗauka rufa masa asiri aka yi don ƙauna. Har ya matse hannun Basiru a ɓoye. Wannan matsar hannun ta fi mari ciwo.

Shi kuwa kaset ɗin bidiyo ya zama abin nunawa a majalisar Abu Rayyan. Duk Alhamis bayan la'asar sai a sa wa baƙi, Basiru yana zagayawa da butar gahawa. In an zo wurin tsohuwar sai a ce a maimaita, wani ya buga bayansa ya ce lallai direban nan gwani ne. Sau biyu yana zubar da gahawa a kan darduma. Ya daina dariyarsa da ake ji daga titi, har mutanen Jaradiya suka fara tambaya ko shawarar ce ta dawo.

Bayan wata huɗu, wata Juma'a, Badru ya shigo ya zauna bai wanke hannu ba. Ya ce maigidansa ya sami waya daga gida. Tsohuwa ta rasu, kwana ashirin ke nan. Ciwon ƙirji ne, sanyi ya kama ta.

Aka yi salati, aka yi masa ta'aziyya. Basiru kuwa kalmar sanyi ce ta tsaya masa a rai. Ya san tsohuwa ce, ya san garin kullum cikin ruwa yake, ya san wata huɗu ba kwana huɗu ba ne. Duk ya faɗa wa kansa wannan, bai yi masa maganin komai ba.

Da mutane suka watse Badru ya bi shi har bakin mota.

"Basiru, in na rufe ido ina nemanta, ba ta zuwa. Hannunta nake gani, da ƙafarta. Fuskar ta ɓace mini. Kai ne ka gan ta a ƙarshe. Don Allah faɗa mini yadda take."

Basiru ya fara kame-kame, wai tana da ɗan tabo a goshi, wai idonta irin nasa ne. Badru yana gyaɗa kai yana haɗiye kowace kalma kamar mai jin ƙishirwa. Alhali ga fuskar can a cikin durowar Abu Rayyan, ga muryarta, minti goma sha biyu cur. Duk duniya ba wani wurin da ta rage sai a kaset ɗin nan. Kuma ba yadda za a yi Badru ya ga uwarsa a ciki ba tare da ya ga hannun da ya ja rigarta ba.

Sati biyu Basiru yana fama da kansa. In ya yi shiru, yana da ɗan'uwa har abada, ɗan'uwan da ba zai sake ganin fuskar uwarsa ba. In ya nuna, shi ke nan. Abinci ya daina shiga. Ranar Laraba yana tuƙa Abu Rayyan zuwa ofis, ya ji bakinsa yana roƙon kaset ɗin. Abu Rayyan ya ce ya ɗauka mana, ai an gaji da kallonsa.

Ranar Juma'a ya jira aka cinye tuwo, aka watse, ya rage daga shi sai Badru sai Baba Maikuɗi yana ninke leda. Ya zaro kaset ɗin daga cikin riga.

"Dogo, ƙarya na yi maka. Fim bai ƙone ba, ni ne ban ɗauka ba. Amma tana cikin nan."

Bai jira tambaya ba, ya tura kaset ɗin, ya wuce wurin birai. Kafin hoton bukkokin ya fito, ya murɗe maganar talabijin ɗin gaba ɗaya. Dabararsa ta ƙarshe ke nan, dabarar matsoraci: hannun da zai fito a hoto ai hannu ne kawai, ana iya cewa na ɗan jagora ne.

Bukkokin suka fito. Badru ya dubi Baba Maikuɗi da sauri, ya dubi Basiru, ya sunkuyar da kai. Sai ga layin mutane da fatu, sai ga jar riga. Ya rarrafa da gwiwa har gaban talabijin ɗin, ya ɗora tafin hannunsa a gilashin.

"Ita ce," ya ce da Hausa. "Baba, ka ga uwata."

Hannu ya shigo hoton ya ja rigar. Agogon da ke ɗaure a hannun nan, Badru ne ya cire shi ya ajiye a ƙarƙashin filo lokacin jinya, ya san shi sarai. Bai juyo ba. Tsohuwar ta tuɓe, Baba Maikuɗi ya ce subhanallahi ya kau da kai. Bakinta ya fara motsi.

"Waƙa take yi," in ji Badru. "Ƙaro maganar."

"Dogo..."

"Shekara shida ban ji muryarta ba. Ƙaro."

Basiru ya miƙa hannu ya murɗa. Muryar tsohuwar ta cika ɗakin, siririya, tana karkarwa. Badru ya rufe ido, leɓensa yana bin ta. Ya ce wannan ba waƙar rawa ba ce, ita ce wadda take yi da yamma a daji in tana kiran 'ya'yanta su dawo. Sunayensu take jerowa. Ya ɗaga yatsa ɗaya, ga babbar yayarsa. Ya ɗaga na biyu, ga wansa da ya rasu.

"Ni ne na uku. Yanzu za ta kira ni."

Daidai nan muryar Basiru ta fito, kusa da kyamara, ta danne komai, tana ba Abu Rayyan amsa da Larabci tangaran:

"Ya ammi, ai waɗannan su da biran ɗaki ɗaya suka tashi!"

Sai dariyar nan tasa da ake ji daga bakin titi. Kafin ta lafa, tsohuwar ta riga ta wuce zuwa suna na huɗu.

A talabijin dabino yana zuba a taɓo, mutane suna rububi. Basiru ya so ƙasa ta tsage ya shige. Ya durƙusa, ya ce bai sani ba, wallahi bai san ita ce ba.

Badru ya juyo a karon farko. Idonsa a bushe yake.

"Da ba ita ba ce fa?"



"Mayar baya," in ji Badru. "Wurin waƙar."

Ya mayar. Suna na ɗaya, suna na biyu, dariya. Badru ya kara kunnensa a jikin talabijin ɗin, ko zai tsinci sunansa a ƙarƙashin dariyar. Ya ce a sake. Sau biyar Basiru yana mayarwa da hannunsa, sau biyar yana jin kansa. Daga nan Badru ya miƙe, ya roƙi Baba Maikuɗi ya ajiye masa kaset ɗin tun da shi ba shi da bidiyo, ya sa takalmi ya fita. Baba Maikuɗi ya kau da kai daga Basiru. Ledar da ya riga ya ninke ya warware ya sake ninkewa.

Basiru ya ɗauka ba zai ƙara ganinsa a Jaradiya ba. Amma Juma'a na zagayowa sai ga sallamarsa, da 'yar leda a hannu. Ya gaisa da kowa, har da Basiru, gaisuwa cikakkiya ba ragi. Baba Maikuɗi bai gaya wa kowa komai ba, don haka aka yi ta tsokanarsa kamar kullum, Dogo ka makara, Dogo matso kafin a cinye. Aka girke tire, aka zagaya da ruwan wanke hannu. Basiru ya matsa ya buɗe masa wurinsa na kullum, kusa da shi.

Badru ya buɗe ledarsa ya fito da wani ɗan kwanon roba. Ya miƙa wa Baba Maikuɗi.

"Baba, a zuba mini a nan."

"Kai, Dogo, wane irin abu ne wannan? A ɗakina? Mayar da kwanon nan."

"Ba komai, Baba. Haka na saba a gida."

Ya karɓi tuwonsa ya koma bakin ƙofa, wajen takalma, ya zauna ya yi bisimilla. Sauran suka dubi juna, suka ɗauka zafin rashi ne, suka ci gaba da ci. Basiru yana zaune a gaban tire, ga gurbin mutum ɗaya a gefensa ba kowa. Ya wanke hannu tun ɗazu, ruwan yana ɗiga daga yatsunsa a kan leda, har ya bushe bai kai hannun tire ba.